Sun Ce Kunyar Ɗiyar Fari Ce

Kwana tara da haihuwata ne, da sassafe. Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke yi mini wankan jego, ta sauke rabin gangar ruwa daga murhu yana ta ɓararraka, ganyen dogonyaro na juyi a ciki. Ta miƙo mini jaririyar ta ce in riƙe, ta shiga ɗaki ɗauko zane. Taku biyu ne tsakanina da gangar. Ina tsaye sai na gani a cikin kaina, ƙarara kamar hoton waya, hannuwana sun buɗe, ɗiyar ta faɗa cikin ruwan.

Ban sake ta ba. Ƙanƙame ta na yi har ta tsala ihu. Na ja da baya, na durƙusa na ajiye ta kan tabarma, na koma jikin bango na zauna kan hannuwana.

Gwaggo ta fito ta gan mu. "Ke, mi as same ki? Kin aza ɗiya ƙasa awa kayan wanki!"

Ta dube ni, ta dubi jaririyar, sai ta fashe da dariya ta ƙwala wa Inna kira. "Taho ki ga 'yar bokonki! Ashe makarantar ba ta cinye mata kunya ba."

A Fakku, inda na je gida wanka, mace ba ta rawar kai da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban manya, in yana kuka sai an ce mata ɗauki kafin ta ɗauka. 'Yan matan yanzu sun fara watsar da wannan, tsofaffi na ta gunaguni. Ni kuma da na gama sakandare na yi aure a Tambuwal, kowa ya ɗauka zan zo ina ɗaukar ɗiya hoto ina ce mata bebi. Saboda haka da suka ga na daina taɓa ta, murna suka yi. Maƙwabta masu zuwa barka Gwaggo ta riƙa nuna musu ni. Wata tsohuwa har goro ta ba ni, ta ce rabon da ta ga maijego mai alkunya irina tun zamanin iyayenta.

Ni kuwa abin ƙaruwa ya yi. Daga ganga ya koma rijiyar tsakar gida, daga rijiya ya koma wuƙar da ake yanka mini naman ƙauri. Duk abin da na kalla sai ya nuna mini yadda zai yi da ita, kuma kullum hannuna ne a ciki. In za ni ba ta nono sai na zauna ƙasa, bayana a bango, nesa da wuta, kuma sai da mutum a ɗakin. In Inna ta miƙe za ta fita sai in ƙirƙiro tambaya in tsayar da ita. Na yi ta'awizi har harshena ya gaji. Na sha rubutun da aka karɓo mini don ruwan nono, ina niyyar wani abu daban a zuciyata. Kunun kanwa ya daina shiga.

Ban faɗa wa kowa ba, kuma ina da dalili. Ina ƙarama akwai wata mata a unguwarmu da aka ce jego ya taɓa mata kai. Na ga ranar da aka sa ta a mota, maza biyu riƙe da ita, aka ce an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa can birni. Ɗanta aka ba kakarsa. Ta dawo bayan watanni, shiru-shiru, tana gaisawa da kowa lafiya lau, amma ba a mayar mata da yaron ba. Ya girma yana ce mata Yaya. Wannan shi ne iyakar abin da na sani game da masu duba ƙwaƙwalwa: suna can bayan dogon gini, kuma wadda ta shiga wurinsu ta fito ba ɗa.

Sai na riƙa ƙirga kwanaki. Ran arba'in za a mayar da ni Tambuwal, ɗaki ɗaya da tsakar gida, maigidana ya fita tun safe sai magariba. Ni da ita kaɗai, da risho, da bokitin ruwa. Kowa na shirin gara, ana dakan yaji, ni ina tunanin ko in faɗa a karɓe ta, ko in yi shiru in kashe ta. Haka nake faɗa wa kaina, da wannan kalmar.

Ran arba'in aka kawo ni Tambuwal. Gwaggo ta ce za ta kwana biyu ta koma. Kwana na biyun ya faɗo ranar rigakafin sati shida, muka tafi asibiti tare, ita ke goye da jaririyar.

Mata cike da benci, yara na ta kuka. Da layi ya zo kanmu, malamar asibitin, wata doguwa mai tabarau, ta ce, "Uwar ta zauna ta riƙe mini cinyarta."

Gwaggo ta ce, "Ɗiyar fari ta, Malama. Kawo ni riƙe."

"Gwaggo, gobe in kin koma gida wa za ya riƙe? Maijego, amshi ɗiyarki."

Aka ɗora mini ita. Ga allura a hannun malamar, ga almakashi cikin faranti kusa da gwiwata. Na kafe almakashin da ido. Malamar ta yi allurar, ta ɗiga wa jaririyar maganin baki. Da ta gama rubutu a kati sai ta ce wa Gwaggo ta je waje ta rarrashi yarinyar, akwai awon da za a yi wa uwar. Gwaggo na fita ta sunkuyo ta ce a hankali, "Na ga masu kunya da yawa a bencin nan. Mai kunya kai take sunkuyarwa, ba ta kallon almakashi. Akwai wata baƙuwa da ke zo muna duk ranar rigakafi. Magana kawai takai da mutane."

Na ce, "Likitar mahaukata ce?"

"Likitar masu tsoro ce. Taso."

Na bi ta ina neman ƙofar ƙarfe da maza masu riƙe mutum. Sai ta tura wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda suke ajiye firjin allurai. Kwalaye jibge har rufi, sikelin awon yara a rataye, kujerun roba biyu. Wata mata ce zaune, ba ta kai Inna shekaru ba, da atamfa da hijabi, ba farar riga. Tana cin gyaɗa daga ƙullin leda. Ta share ɓawon daga cinyarta ta ce, "Sannu maijego. Yi haƙuri da ofishin namu, ni da firji muke raba shi."

Ban zauna ba. Na ce, "Daga asibitin ƙwaƙwalwa kike?"

Ta ce e, can take kwana biyu a mako. Na juya zan fita. Ta ce, "Ƙofa a buɗe take, ƙanwata, ba mai tare ki. Amma ki ji sauran." Ta ce ita halayyar ɗan Adam ta karanta, ba ta allura, ba ta rubuta magani, in ana bukatar wannan akwai likitocin da ke yi. Ta ce wata rana tana gidan yari, wata rana tana wajen mutanen da ɓarayin daji suka kora daga garuruwansu, a can ma ƙarƙashin itace take zama. Abokan karatunta wasu na makarantu, wasu na wajen sojoji. Nan kuwa ita ta roƙi a ba ta ranar rigakafi, don ita ce rana ɗaya da maijego ke fitowa ba wanda zai tambaye ta ina za ta.

Na zauna a bakin kujera. Firjin na ta gurnani. Wata ma'aikaciya ta shigo ta ɗebi allurai, matar ta jira har ta fita ta ja ƙofa. Sannan ta ce, "Bari ni fara, in na yi kuskure ki gyara mini. Wasu mata bayan haihuwa sukan ga hoto a kansu, suna yi wa jaririn abin da ko a mafarki ba su so. Wata wuƙa, wata rijiya."

Na ce, "Ganga." Ban san lokacin da ta fito ba. "Gangar wanka."

Daga nan na faɗi duka, ina kuka, majina na zuba, na goge da hijabi. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba. Tambayoyi ta yi ta yi, wasu har sau biyu ta wata hanyar. Ina jin murya daga waje tana ba ni umarni? A'a. Na taɓa jin ɗiyar ba tawa ba ce, ko wani abu ne ya shiga jikinta? A'a. Ina barci in na samu? Na taɓa tunanin kashe kaina? In hoton ya zo, daɗi nake ji ko tsoro? Me nake yi in ya zo?

Na ce, "Ajiye ta nikai, in zauna kan hannuna."

"Kwana nawa?"

"Talatin da uku."

Ta ajiye biron da take rubutu da shi. Ta leƙa ta ce a kira Gwaggo. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za a faɗa mata. Gwaggo ta shigo tana jijjiga jaririyar, matar ta gaishe ta har da russunawa, ta ce, "Gwaggo, a ara muna ɗiyar, ki ɗan jira mu a inuwa." Ta karɓe ta, ta jira ƙofa ta rufu, ta miƙo mini.

Na ce, "Malama, kar ki ba ni. Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji sarai. Shi ya sa nika ba ki."

Na karɓa. Tana da ɗumi, cinyarta da ɗan ɗigon jini inda aka yi allurar. Hoton ya zo, har da kwalayen da simintin ƙasa. Na faɗa mata ya zo. Ta ce in bar shi ya zauna, kar in kore shi, kar in ajiye ta. Muka zauna haka. Ban san minti nawa ba, na dai ji an kira azahar a masallacin asibiti. Jaririyar ta lalubi gabana da baki, na ba ta.

Matar ta ce abin yana da suna a wurinsu, ta gan shi ga mata da yawa, kuma yana jin magani in ana zuwa ana zama irin wannan. Ba yau zai tafi ba. Za ta so in dawo ranar rigakafin ɗiyar mai zuwa da ranakun rigakafin da ke tsakani, kuma in na yarda, ta yi wa maigidana bayani da bakinta. In wani abu ya sauya, in na fara jin murya ko barci ya ƙaurace mini gaba ɗaya, in zo wurin doguwar malamar ko wace rana ce.

Na ce, "Ba za a karɓe ta ba?"

Ta ce, "Wa za ya karɓe ta? Mai son cutar da ɗiya ba ta zama kan hannunta kwana talatin da uku. Tsoro ne ke gare ki, ba mugunta ba. Ke lafiya, ita ma lafiya a hannunki."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake, a hankali, tana kallon idona. Har yanzu in na wuce ganga kan wuta gabana na faɗuwa, amma a sa'ar nan ina zaune kan kujerar roba, firji na gurnani, ɗiyata na tsotso, kuma daga baranda ina jiyo Gwaggo tana ba wata mata labarin irin kunyata.