Zadok da Gado Na Bakwai

Zadok mutumin Numan ne. Ya kama aikin nas a wani asibiti a Jimeta shekarar da aka sami mulkin kai. Hannunsa da sauƙin allura, aibinsa ɗaya, rowar magana.

Ƙa'ida ita ce nas mai tashi ya zaga da mai karɓarsa gado-gado, yana faɗin zafin jiki da maganin da aka ba kowa. Zadok kuwa daga bakin ƙofa yake yi, yana naɗe ƙafar wando zai hau keke.

"Na ɗaya yana nan. Na biyu ya ci tuwonsa har da na maƙwabci. Na uku lafiyarsa lau, hutu ya zo."

Shekara goma ana gane masa, sai aka turo Ruƙayyatu, sabuwar fitowa daga makarantar jinya. Ranarta ta farko, ƙarfe biyu na rana, Zadok ya jero mata har ya kai, "Na bakwai ya tafi." Ya haye keke.

Ta leƙa, gado wayam. Ta yi salati, ta aika Mbamba, masinjan asibiti, ya sanar da iyalin Bappa Hamajoɗa, dattijon da ke jinyar ƙafa a gadon. Ashe saniyarsa ce ta haihu a ruga wajen Sangere, ya sulale ya je gani.

Kafin la'asar sakaliya an haƙa kabari. Dangi suka iso da makara, suka yi kiciɓis da shi a ƙofar asibiti, yana ɗingishi, rungume da goran nono.

"Wa ya rasu?" in ji shi.

Ƙaninsa Ishaku ya ce, "Kai ne, Hamma."

"Yaushe?"

"Ƙarfe biyu, in ji asibiti."

Tsoho ya ce, "To, sun ajiye mini abincina kuwa?"

Ruƙayyatu ta shige sito ta sha kuka. Babbar sista ta kira Zadok ta wanke shi tas, ta ce daga yau komai sai ya faɗa.

Ya ce, "To, Sista."

Washegari ya tsare Ruƙayyatu awa ɗaya da rabi. Ta ji tari nawa na huɗu ya yi, da mafarkin na biyar, da ra'ayin na shida kan kai hedikwatar jiha Maiduguri. Lokacin magani ya wuce, marasa lafiya suka fara buga kwano. A rana ta uku sista da kanta ta roƙe shi ya koma yadda yake, amma in mutum ya tafi, a faɗa ko da ƙafarsa ne.

Haka suka yi shekara biyar tare a ɗakin maza, har ta zama shugabarsa. Bai damu ba. Ya ajiye aiki ana gab da raba jihar, ya koma Numan kiwon agwagi, kuma aka ce su yana yi musu hira sosai.