Baba Habu bai taɓa ɓata min mota ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina kan layin lodi a tashar Ɗambatta, kofin shayi a hannuna, aka ce min Baba Habu Rewaya ya rasu. Jiya ma wuni ya yi a gona yana shukar gyaɗa. Ya koma gida ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai gyaran wayar mota a gindin darbejiyar bayan tasha. Akwai haƙƙinsa a wuyana. Na ɓata masa suna a kan abin da bai yi ba, kuma tunda a gaban mutane na yi, a gaban mutane zan warware.

Mu direbobi kun san halinmu da waifa, abar share ruwa a gilashin mota. Wata bakwai na rani ba mai tuna tana jikin mota, rana ta gasa robar ta bushe ƙamas. Sai ranar da ruwa ya kece muna tsakiyar hanya, sannan a fara neman omo a shafa wa gilashi. Ni da idona na ga wanda ya ɗaura wa tasa igiya, fasinjan gaba na ja, shi ma yana ja.

Baba Habu kuwa da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ɗauko bokiti ya bi layin motoci. Ya watsa wa gilashinka ruwa ya ce ka kunna ya gani. Yana cewa manomin kirki ba ya gyaran garma ranar da ruwan shuka ya sauka. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan zagayen.

Lokacin da aka yi min haihuwar autana, kwano biyar na gero ya aiko gidana, ban ma san wa ya faɗa masa ba.

Motata tsohuwar Golf ce, ta girmi 'yata ta fari da ke ɗakin miji yanzu. Daminar bara waccan na fara ganin hanya dishi-dishi da zarar an soma yayyafi. Na kai masa, ya sa sabuwar roba. Bayan kwana huɗu na koma ina mita. Ya ɗaga hannun waifar ya sake shi, ya ce sifirin ɗin ya saki, ba ya danna robar a jikin gilashi. Ya samo min hannuwa biyu na Beljiyam ya ɗaura.

Na sake komawa, wannan karon da faɗa.

Ya sa aka kawo irin ta motocin yanzu, mai lanƙwasar nan da ba ta da ƙarafa. Ba ta shiga ƙugiyar tsohuwar mota, sai da ya zauna ya goge ƙugiyar da hannunsa har ta zauna daram. Ya wanke gilashin tas, ya sa allura ya buɗe hancin feshin ruwa da ya toshe tun ban san yaushe ba. Sannan ya ce gobe in ajiye masa kujerar gaba, zai bi ni Kano sayen kaya.

A hanyar dawowa, bayan la'asar, ruwa ya tare mu. Waifa na ta aikinta, ni kuwa na kusa manna goshina da gilashi, ina cewa, “Ka gani ko, Baba? Ka ga abin da nake faɗa maka?” Sai ya nuna wata babbar mota a gabanmu, ya ce in karanta masa rubutun bayanta. Na ce ruwa ya hana. Shi da ya ba ni shekara ashirin, ya karanta shi tsaf.

Sai da fasinjan ƙarshe ya sauka sannan ya juyo ya ce min:

“Sani, waifarka lafiyarta ƙalau. Idonka ne. Ka je a duba ka tun ba ka kwashi rayukan mutane ba.”

Wallahi ji na yi kamar ya mare ni. Mutum tara ke ci daga sitiyarin nan. In 'yan yuniyon suka ji direba ba ya gani, ranar za su cire shi daga layi, kuma ko ya warke fasinja ba zai ƙara yarda da shi ba. Tsoro ne ya kama ni, amma da fushi ya fito. Na ce masa aiki ne ya gagare shi yake neman inda zai jingina laifi.

Ya ce ba zai faɗa wa kowa a tasha ba, amma kuma ba zai yi shiru ba.

Washegari ya hau kekensa har ƙauyenmu, ya yi sallama da mahaifiyata. Da na dawo da yamma Inna ta ce in miƙo mata makullin motar. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ce in na sake taɓa sitiyari kafin likita ya ga idona, ba da yawunta ba. Ina da shekara hamsin a duniya, amma wa ya isa ya ja da wannan?

Likita ya duba ya ce yanar ido ce, a idanun duka biyu. Aka yi min aiki ɗaya bayan ɗaya, na kusa wata biyu ba na fita.

To a nan ne na yi abin kunyar. Abokan aiki suka riƙa bugo waya suna tambayar me ya ajiye ni a tsakiyar damina. Na ce Baba Habu ne ya taɓa min waifa ya ƙona wayar motar gaba ɗaya. Na ce tsufa ya kama shi, hannunsa ya mutu. Magana a tasha kuwa ba ta kwana. Da na dawo na tarar rabin masu kai masa aiki sun koma wani wuri.

Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ni kuma in rasa abincina. Bai faɗa ba. Kullum sai ya ɗaga min hannu in na wuce, ni kuma in yi kamar ina duba madubi.

Sati uku da suka wuce ina dawowa babu fasinja, na hango shi a gonarsa ta bakin titi yana watsa taki. Na wuce, na taka birki, na dawo da baya. Kafin in gama gaishe shi ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya leƙa idanuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce likitan nan ya iya aiki.

Na durƙusa a cikin kunya na ce ya yafe min.

“Na yafe tun ranar. Mai tsoron yunwar 'ya'yansa ba a riƙe shi a zuci.”

Na yi masa alkawarin ranar kasuwa zan tara direbobi in faɗi gaskiya. Ya yi dariya ya ce in na samu sarari. Kasuwa uku ta ci tun daga ranar. Kowace sai in ce bari ta gaba, yau akwai lodi.

Ɗazu da muka kai shi makwanci, na ji wani a bayana yana cewa Allah sarki, mutumin kirki ne, sai dai a ƙarshe aikin ya fara kufce masa. Maganata ce ta dawo min a bakin kabarinsa. Ban iya juyawa in kalli mai faɗin ba.

Don haka ku ji da kyau, 'yan tasharmu da duk wanda maganar ta je kunnensa. Baba Habu bai taɓa ƙona min waya ba. Ƙarya na yi. Idona ne ya lalace, shi ne ya gano, shi ne kuma sanadin da ban kashe kowa a hanyar Kano ba. In yuniyon na son ganin takardun asibitina, gobe zan kawo su da kaina. Babban ɗansa, Malam Nafi'u, yana nan a gindin darbejiyar da sana'ar mahaifinsa. Wanda ya janye motarsa saboda bakina, don Allah ya mayar.

Allah Ya jiƙan Baba Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa min nawa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya daure ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni ma ku roƙa min gafara, don na makara.