Gonarmu ta Bayan Bariki

Shekarata ta huɗu ke nan ina gadin ƙofar wasu gidaje a Al Gharrafa, wata unguwa can ƙasar waje, lokacin da yayana ya kira ni daga gida. Da azahar ne, ina tsaye cikin rigar aiki, gumi har cikin takalmi.

Ya ce jami'an gwamnati da wani hafsan soja sun tara masu gonakin bayan bariki a ƙofar mai unguwa. Sojoji ba sa son gidaje su matso kusa da filin da suke koyon harbi. Duk wanda ya yarda gonarsa ta zauna gona, ba gini, ba sare itace, za a ba shi takarda, a taimaka masa da dashe, ƙasa kuma tasa ce.

Gonarmu na cikin jerin. Sai dai gado ce da ba a raba ba, mu bakwai, kuma a wurinmu ba a taɓa irin wannan ƙasa sai kowane magaji ya buɗe baki ya ce ya yarda. Shida sun yarda. Saura ni.

Ni kuwa tun ina yaro na ga an kafa turakun bariki a cikin gyaɗar maƙwabcinmu, ba wanda ya ce masa ko sannu. Da na ji "soja" da "takarda" a magana ɗaya, kaina ya ɗau zafi.

"Yaya, ba da yawuna ba. Yau takarda, gobe waya mai ƙaya."

"Ka bari in karanta maka ita tukuna," in ji shi.

Na ce motar wani mai gida ta iso, na kashe wayar. Babu wata mota. Ina jin kaina wayayye, wai na fita waje na ga duniya, alhali duniyar tawa ba ta wuce wannan ƙofa da ɗakin kwananmu na unguwar Mesaimeer ba.

Aka rufe yarjejeniya ba mu ciki. Da ma ita ce za ta riƙe gonar wuri ɗaya. Da ta kuɓuce, dillalan filaye suka fara sallama gida gida. Ƙanwata ta nemi a raba gado, kuma haƙƙinta ne. Aka raba. Biyar suka sayar kafin damina ta zagayo.

Wannan gona ce ta sa nake jure tsayuwar nan. Niyyata in koma, in sayi shanun huɗa, in tsufa a gindin ɗorawar da Baba yake shimfiɗa buzunsa ya yi sallah. Na gaya wa abokin aikina, mutumin Zongo daga Gana, abin da ya faru. Ya girgiza kai kawai ya ce, "Khalas, ɗan'uwa, ta ƙare."

Bana Yaya ya kira ni ta bidiyo daga can. Ya nuna mini gonakin waɗanda suka sa hannu, gero ya fi mutum tsawo. Sannan ya juyo da wayar: bulo, yashi, ramukan harsashin gini. Rabona wani siririn fili ne tsakanin katanga biyu, ko sa ɗaya ba zai juya a ciki ba. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

"Yaya, nuna mini ɗorawar."

Sai ya sunkuyar da wayar ƙasa, na ga silifas ɗinsa a kan kututture.

"Ga ni tsaye a kanta," in ji shi.