Ranar da Na Ji Ƙarar Ƙwaƙwalwata

Shekara biyu ban rubuta komai a nan ba. Mutum uku ne kawai suka tambayi dalili. Sauranku, ga amsa ko ba ku nema ba.

Daga babban yatsa abin ya fara. Ina cike takardar fiton kaya a tashar jirgin ruwa, aikin da na shekara talatin ina yi, sai biro ya ƙi tsayawa. Wani likita a unguwar Sainte-Rita, nan Cotonou, ya ce Parkinson ne, ciwon rawar jiki. A Zongo kuwa aka ce giya nake sha a ɓoye. Ni da nake rubuta wa rabin unguwa wasiƙun Faransanci kyauta.

Sai na koyi ɓoyewa. In dunƙule hannu a aljihu, a masallaci in danne shi da cinya. Haka na yi shekara bakwai, har magani ya daina riƙe ni.

'Yata Habiba, mai aikin jinya a Faransa, ta ce, "Baba, ka taho, a nan ana yi wa wannan aiki." Filina na Sèmè-Kpodji ya tafi a kai.

Ido biyu ake yinsa. Suka ɗaure kaina a ƙarfe, suka kashe fatar, suka huda ƙashi. Ba zafi, amma har a haƙorana na ji injin. Suka zura waya siririya kamar gashi, sai lasifika ta kama tas, tas-tas, kamar an watsa gishiri a wuta.

Likitar da ke saurare, wata mai furfura, ta ce, "Ƙwayar halitta ɗaya tak kake ji daga ƙwaƙwalwarka. Masu bugawa tare da rawar hannunka nake nema, a nan wayar za ta zauna."

Ta daɗe tana nema. Can na ji ta ce wa mai fiɗar, "Hannun ba ya rawa, ba ni da abin gwadawa. In aka ci gaba haka sai mu rufe."

A rufe. In koma Cotonou da rami a ka, hannu yana yadda yake.

Ta ɗaga mayafin da aka lulluɓe ni da shi. Ashe na dunƙule hannun na danne da cinya, har farce ya shiga nama. Wallahi ban san ina yi ba. Jikina ya ga baƙi, ya yi abin da ya saba.

"Monsieur Sani, wa kake ɓoye wa? Sake shi."

Na kasa.

"To ƙirga min daga ɗari ka yo baya, da yarenku."

A tamanin da shida hannu ya kwance, ya kama kaɗawa, lasifika tana bugawa tare da shi. Ta saki wuta kaɗan a wayar. Ya tsaya cak.

Wata biyar ke nan. Ban warke ba, ciwon yana nan, ga batir a ƙarƙashin fatar ƙirjina. Amma ina shan koko a kofi cike, ba ya zuba.

Na gode wa Allah. Habiba, Allah ya yi miki albarka. Likitar nan, Allah ya saka mata.

Mai jin rawar jiki ya nemi likitan jijiya da wuri. Ranar ganinsa kuma ya bar dauriya a gida. Tawa saura kaɗan ta sa a ɗinke kaina a banza.