Sai-Baɗi, Mai Waldan da Ya Gina Gida Biyu

A shekarar 1989, a ƙofar wani gida mai ɗaki biyu da ba a yi wa filasta ba, wani mai walda da maiɗakinsa suka ƙulla yarjejeniyar da wannan tarihi ya ginu a kanta. Ya janyo wata tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya daga gwanjo, babu gilas, babu kujera, ya ce zai mai da ita ɗaki mai tafiya, ya ƙetare ƙasashe da ita har ya tsaya a bakin teku. Matar ta zagaya motar tana riƙe da haɓa.

"Malam, ina mara lafiyar? Ko motar ce da kanta?"

"Ki bar ta kawai. Baɗi war haka ba za ki gane ta ba."

"To ga sharaɗina. Duk abin da za ka sa wa wannan gawar, ka fara sa irinsa a gidan nan. In za ta samu rufi, mu fara samu."

"Na yarda," in ji shi da sauri, irin saurin mutumin da bai tsaya ya yi tunani ba.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi a shekarar 1951 a wani gari da babbar hanya ta raba biyu. Mahaifinsa direban babbar mota ne da ke ɗaukar kaya zuwa ƙasashen maƙwabta, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce. An sa shi makarantar firamare a 1958, sai dai bai wuce aji huɗu ba, domin rasuwar mahaifinsa ta tilasta masa neman sana'a. Abu ɗaya ya fito da shi daga makaranta: ƙaunar taswira. An ce da gangan yakan yi laifi don a kai shi ofishin shugaban makaranta, inda aka rataye babbar taswirar duniya, ana yi masa faɗa, shi kuwa idonsa na bin hanyoyi a bango.

Sana'arsa da Aurensa

A 1963 aka kai shi koyon walda wurin ƙanin mahaifiyarsa, ya samu 'yancin kansa a 1974, ya kafa rumfa a bakin babbar hanya. A nan matafiya masu manyan babura da motocin ratsa daji suke tsayawa a ɗinke musu ƙarfen ɗaura kaya ko tankin da ya tsage. Yana aiki yana tambaya: wace hanya ce ke yankewa da damina, wace kan iyaka ce ba ta karɓar mota sai da takardar kwastan, ina ne mutum zai wuni bai ga gidan mai ba. A 1978 ya auri wata mai ɗinki, mace mai sanyin murya da kaifin baki, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun Shiri

Daga 1989 aikin motar ya kankama, kuma sharaɗi ya fara cizo. Da ya so rufe saman motar, sai da ya sauya kwanon gida. Da ya ƙera mata tankin ruwa a 1993, sai da ya ɗora wani a bayan madafa, ya ja famfo. Gadon ninkewa da ya yi wa motar ya jawo masa ƙera wa yara gadaje. Murhun gas, firij, batir da faifan hasken rana, kowanne sai da ya fara kwana a gida. Wata rana a 2001 ya ɗauka ya samu kanta, ya shigo yana murmushi.

"Uwargida, yau safayar taya na saya. Gida kuma ai ba ya tafiya."

"Safaya ba ita ce ta ajiya ba, don ranar da aka yi baƙon tsautsayi? To mu ma muna son ɗakin ajiya, don ranar da aka yi baƙo."

Haka aka gina ɗaki na uku.

Duk wanda ya tambaye shi ranar tashi, amsa ɗaya ce: sai baɗi. Tun ana tsokanarsa da ita har ta zame masa suna, ya kuma riƙa amsawa. Amma don a faɗi gaskiya saboda na baya, ba sharaɗi kaɗai ya riƙe shi ba. Akwai karatun yara, akwai shekarar da aka rufe iyaka, akwai kuma halinsa na mutumin da shiri ya fi masa tafiya daɗi. Fasfonsa ya ƙare ya sabunta ba sau ɗaya ba, babu hatimi ko guda a ciki. Ya tsara wa mutane da yawa tafiyarsu, sun je sun dawo sun kawo masa tsaraba, shi yana nan yana auna nauyin ruwa da na mai.

Ciwon Idonsa

A 2013 mota ta kammala, gida ma ya kammala. A cikin wannan shekarar ne ya fara karo da ƙofa, likita ya tabbatar masa hawan jinin ido ne, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Aka hana shi tuƙi. Ya daina zuwa rumfa, ya koma zama cikin motar yana shafa sitiyari, yayin da wani mai sayen tsohon ƙarfe ya riƙa zarya yana gaisuwar da ta wuce kima.

A 2015 maiɗakin tasa, tana gab da shekara sittin, ta rufe keken ɗinkinta ta shiga makarantar koyon tuƙi. 'Ya'yansu suka taru su hana ta.

"Mama, ki rufa mana asiri, wannan motar ai ta fi ƙarfinki."

"Ƙafar da ta taka keke ta ciyar da ku, kuloci ne zai gagare ta? Mutumin nan ya cika nasa alkawarin. Ku matsa."

Tafiyarsu

A farkon 2016, bayan an kammala biza, inshora da takardun mota, suka tashi, ita a kan sitiyari, shi a gefe. Sun ƙetare ƙasashe uku. Ita ke gani, shi ke sanin hanya.

"Bayan wannan gangaren akwai gada, ki sassauta."

"Malam, babu gada. Sun yi sabon titi, ka makara."

"To faɗa mini kalar dutsen da ke dama."

Takan faɗa masa, ta ƙara gishiri in abin bai kai yadda ya zata ba. Da suka isa teku ta riƙe hannunsa suka shiga har gwiwa. Ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, sannan ya ce a taswira bai yi wannan ƙara ba.

Rasuwarsa

Ya rasu a gidansa a 2019, yana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya. An binne shi a maƙabartar garin, kusa da mahaifinsa. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar: babban ɗansa wanda ya gaji rumfa, malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, direban motar haya, da autarsu mai ɗinki, tare da jikoki da dama. Allah ya jiƙansa.

Game da yarjejeniyar kuwa, matar ta ci riba biyu: ta samu gida, ta kuma ga ƙasashen da ba ta taɓa nema ba. Yara sun tashi ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo. Mai sayen ƙarfe ya yi asarar gaisuwarsa, domin har yau motar na hannunta. Shi kuwa marigayi ya rasa abin da ya fi so, wato ya gani da idonsa. Amma da aka taɓa faɗa masa haka, cewa ya yi da ya tafi a baɗin farko, da shi kaɗai zai tafi.