Kiran sallar da tari ya katse wa yayana

Shekarun baya, lokacin da Shari'a take sabuwa a Zamfara, ina harkar hatsi, in saro gero a Dauran da Shinkafi in kawo Ƙaura. A lokacin gani nake ba abin da ciniki ba ya warwarewa. Yayana ne ya nuna mini iyakata.

Tun yana saurayi ya samu taɓin hankali, irin wanda mutum ke jin muryoyi na yi masa magana alhali ba kowa. Maganin asibiti ya sa abin ya lafa, muna zaune lafiya, amma taba ba ta barin bakinsa. Kafin kara ya mutu, da wutarsa zai kunna wani. Ga tari kamar ana jan buhu a ƙasa. Likita ya faɗa mini gaskiya, in bai bari ba ƙirjin ne zai kai shi.

Na yi duk dabarata ta ɗan kasuwa. Na yi masa alkawarin keke. Na bi masu teburin unguwa na roƙe su kada su sayar masa, sai ya riƙa takawa har tasha, ya dawo da ita cikin hula. Ranar da na matsa masa, ya dube ni ya ce, "Kai hayaƙi kaka gani. Ni in na ja, mutanen nan na cikin kaina rage surutu suka yi. Mi za ka ba ni madadinta?"



A shekarun nan masallatai sun cika, namu ma aka sa masa lasifika. Wata la'asar ladaninmu ya tafi ta'aziyya Zurmi, lokaci ya yi, ana ta kallon juna. Sai yayana ya miƙe. Na so in riƙe rigarsa, ban samu ba. Da ya buɗe baki kowa ya yi tsit, don mun manta cewa tun makarantar allo murya gare shi. Yana kaiwa "Hayya alas salah" tari ya sarƙe shi, lasifika ta kwashi tarin ta watsa wa unguwa. Wani ne ya ƙarasa.

Na zaci zai shige ɗaki ya daina fita. Sai ya gaya wa mahaifiyarmu cewa tun da ya fara kiran muryoyin suka yi shiru, irin shirun da taba ba ta taɓa ba shi ba. Ya ce sai ya kai ƙarshensa da bakinsa.

Ba a rana ɗaya ya bar taba ba. Ya rage, ya koma, ya sake ragewa. Asuwaki ya maye gurbin kara a bakinsa. Liman ya ce masa kiran azahar nasa ne duk ranar da ƙirjinsa ya yarda, kuma kullum sai ya tambaye shi jiki. Mahaifiyarmu ba ta taɓa yi masa gori ba in ya koma.

Da ya bari gaba ɗaya, sai barci ya kama shi, har yana zaune miyau na zuba. Mahaifiyarmu da ta tsani warin taba ta kira ni gefe ta ce, "Tai ka sawo mai, kada mu rasa shi." Saura kaɗan in je. Allah Ya sa na kai shi asibiti. Likita ya ce ashe hayaƙin ne ke rage ƙarfin maganin, yanzu da babu shi maganin ya yi masa yawa. Aka rage, mutum ya farfaɗo.

Wata rana da damina muna sauke kaya daga Shinkafi, sai na ji muryarsa. Na tsaya da bakin buhu a hannu, ina jiran wurin nan da ya taɓa katsewa. Ya wuce shi, ya ja numfashi mai tsawo, ya kai ƙarshe. Direba ya tambaye ni ina muka samo ladan haka. Na ce yayana ne.

Har yau yana shan maganinsa, ciwon bai tafi ba. Amma na gane duk shekarun nan ƙoƙarin ƙwace masa abu nake yi, ban taɓa tambayar me yake so ya samu ba. Na saba auna hatsi da ido, in faɗi nauyinsa kafin a ɗora a sikeli. Mutumin da muka sha nono ɗaya kuwa, sai da lasifika ta gaya mini ko wane ne.