Karan da Na Kafa a Tafkin Garinmu

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, a shekarar da haƙoran gabana suka zube, Kawu Sale ƙanen mahaifina ya dawo daga ci-rani shi kaɗai. Ina tsugune a gindin turmi ina kore kaji daga tsabar da Inna ke bakacewa, sai ga shi ya yi sallama da ƙunshi a ka, ƙafafunsa duk faso. Tare suka tafi Fatakwal da Baba bayan an gama girbi, kamar yadda mazan ƙauyenmu na gefen Aujara suka saba. Inna ta kawo masa ruwa a ƙwarya. Ni kuwa da ba a taɓa riƙe mini baki ba, na ce ina Baba. Ya ce yana nan tafe, kayan da yake sayarwa ne ba su gama shiga ba.

To ni akwai maganar da ke tsakanina da Baba. Ranar da zai tafi ya tarar da ni a bakin tafki da ɗan tuluna, ya nuna mini yadda ruwan ya janye daga saiwar gawo, ya ce, "Kin ga ya tafi, ni ma zan tafi. Ranar da ya dawo, tare za ki gan mu." Haka kuwa muka san duniya. Ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, sau ɗaya yake tafiya, maza su bi bayansa.

Da la'asar maƙwabta suka cika ƙofar gida, na raɓe jikin zana ina saurare. A nan na ji Kawu yana cewa ruwan can na gishiri ne, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da safe ka ga kwale-kwale kwance a kan laka kamar matattun jakuna, kafin azahar ruwa ya dawo ya ɗaga su, ya sake tafiya, ya sake dawowa. Masunta sun faɗa masa wata ne ke jansa. In wata ya cika ko ya mutu, rana takan taya shi ja, sai ruwan ya yi toroƙo har cikin rumfuna. In yana rabi, sai ya zo da sanyin jiki. Kullum kuma yana ƙara makara, yadda wata ke ƙara makarar fitowa, wani lokacin iska ta kora shi, wani lungun ya cika kafin wani. Dattawa suka ce ikon Allah. Ni kuwa sai na shiga tambayar kaina. Garin da ruwa ke dawowa kullum, ta yaya Baba zai gane wanne ne namu?

Ba ƙaramin abu ba ne, don manyan gida sun riga sun faɗa wa Inna cewa in ruwan shuka ya sauka mai gona ba ya nan, za a ba wani aron gonarmu ta bayan gari, kuma gonar da ta shiga aro a dangi, fitowarta sai an sha rigima. Daga ranar zama ya gagare ni. Na karyo karan dawa na kafa a bakin ɗan ruwan da ya rage a tafki, wai in wata yana jan nasu, ai namu ma zai ja, in kama shi a kai. A aike ni kai wa awaki ƙaiƙayi, in zarce tafki. A ba ni tsaron shanyar kuka, in bar wa tumaki su yi biki. Sa'o'ina suna carafke a inuwa, ni ina tsaye cikin laka mai tsattsagewa, ido ɗaya a kan kara, ɗaya a kan farin watan da ke fitowa tun rana ba ta faɗi ba. Ruwan bai taɓa matsowa ba ko da faɗin yatsa, baya kawai yake yi, ni kuma ina cire karan ina bin sa. Inna takan ce, "Ke kam ƙaya ce a mazauninki?" Amma na lura ita ma in an yi sallama a zaure, taɓaryarta takan tsaya a sama.

Ruwa ya sauka ranar wata Juma'a, kwaɗi suka cika gari da kuka, tafki ya haɗiye karana. Baba bai zo ba. Washegari da sassafe Inna ta sauko da irin gero daga rumbu, ta sa Kawu a gaba da sungumi yana sara, mu muna binsa muna zuba iri muna take ramin da diddige. Kafin manyan gida su gama shawara, gona ta shuku. Ni na shuka gefen gabas da hannun nan nawa, har yau kuma jikokina ne ke nomanta.

Sai da gero ya kai gwiwa Baba ya iso, ya rame, ya miƙo mini ƙwanson wata dabbar teku. Ban karɓa da dariya ba. Na ce ruwa ya riga shi. Ya shafa kaina ya ce, "Na can ya ruɗa ni, uwata." Shekara ta gaba sai da aka yi maimai ya zo, ta gaba gero ya fid da kai. Kullum yana ƙara makara, har shekarar da aka ɗaure dami babu shi, babu kuma wanda ya kawo mana labari tabbatacce.

Yanzu ina Dutse wurin ɗana, tafkin nan an cike shi an yi shaguna a kai, masu tafiya Kudu kuma da yamma sai su kira waya a ji muryarsu. Jikata da ke jami'a a Kafin Hausa ta nuna mini teku a wayarta, tana yi mini bayanin wata da rana. Na bar ta ta kai ƙarshe, sannan na ce ban shiga aji ba, amma wannan tun ina da wawulo na san shi. Ta ce ai yanzu har lokacin da ruwan zai dawo ana sani tun kafin ranar ta zo. Na ce madalla. Na ruwa ne kawai suka gano.